Wata uku da koren ƙyalle da DaVinci Resolve

A da, da zarar shiri ya ƙare sunaye sun fara hawa allon talabijin, sai in miƙe in kama gabana. Wata uku ke nan da na daina. Dalili kuwa manhajar haɗa bidiyo ce mai suna DaVinci Resolve da wani koren ƙyalle mai tsawon mita 3 da na yi oda ta intanet, irin wanda ake ɗaukar mutum a gabansa don a canza bayansa a kwamfuta, kuma a kansu nake wannan sharhi.

Abin ya faro ne daga wani bidiyo a YouTube da ke nuna yadda aka haɗa Game of Thrones, shirin da HBO ta haska daga 2011 zuwa 2019. Dodannin nan masu aman wuta ba su ɗaga mini hankali ba, don kowa ya san aikin kwamfuta ne. Birnin sarautar ne ya tsaya mini a rai. Garin Dubrovnik ne na ƙasar Kuroshiya, gari na gaske da mutanensa, amma an dasa masa fadar da babu ita a ƙasa, ni kuwa na kalla ban taɓa ko zargi ba. Haka shirin The Crown na gidan sarautar Ingila: ba a cikin fadar Buckingham aka ɗauka ba. Ƙofa da baranda aka gina a sutudiyon Elstree a Ingila, kwamfuta ta cike sauran ginin. Irin wannan aikin da ido ba ya kamawa shi ne ya burge ni, shi na so in gwada da hannuna.

Ni da wani abokina muna shirya ɗan gajeren shiri, labarin wani falke a Sakkwato ta zamanin da. Mun samu lungu a cikin gari, ba nisa da Kanwuri, mai katangar laka da tsohon zaure daidai yadda muke so. Sai dai ta ko'ina ka juya kyamara, ga falwaya, ga wayoyin lantarki sun yi saƙar gizo, ga baƙin tankin ruwa da farantin sola a saman rufin maƙwabci.

Manhajar ta kamfanin Blackmagic Design ce na ƙasar Ostireliya. Akwai ta kyauta, akwai kuma mai suna Studio da ake biyan dala 295 sau ɗaya. Ta kyautar na sauke, da datar dare saboda girmanta, kuma har yau ban taɓa fitar da bidiyo na ga tambarin kamfani a kansa ba. Sashen da ake wannan aikin sunansa Fusion. Wanda ya saba da CapCut a waya zai sha mamaki ranar farko, domin a nan ƙananan akwatuna ne kake jonawa da zare, wannan ya miƙa wa wancan hoto, kowanne da aikinsa. Sai da na yi mako biyu kafin kaina ya ɗauka. Da ya ɗauka kuwa na ga hikimar abin: in wani abu ya ɓaci, ka san akwatin da za ka buɗe, ba sai ka rushe aikin duka ba.

Ƙyallen ya iso a ninke, duk ya yamutse, sai da na kai wa mai guga a Mabera ya bi shi da dutsen guga na gawayi. Kada wanda ya raina wannan, domin kowace ƙwarya-ƙwaryar lanƙwasa inuwa take yi, inuwa kuma wani koren ne daban a idon manhaja. Ana zaɓar kore ne saboda ya yi nisa da launin fatar mutum, kuma idon kyamarar zamani ya fi ɗaukar kore da kyau a kan ja da shuɗi. Fitilun sutudiyo ba mu da su, rana muka dogara da ita. Ranar Sakkwato da azahar ba ta yi ba sam, tana ƙone hoton. Bayan la'asar, a inuwar tsakar gida, nan ne hasken ya kwanta a jikin ƙyallen bai ɗaya.

Ƙanena ne falken. Ya sa farar riga da hula mai ɗinkin zare kala-kala, ya tsaya dab da ƙyallen. Da na jona akwatin Delta Keyer na cire koren, sai na ga abu biyu. Kafaɗun farar rigar sun rine da kore-kore, hasken da ya dawo daga ƙyallen ke nan. Hular kuma ta huje kamar rariya, duk inda koren zare ya bi ya ɓace, ana hango katangar da na sa a baya ta cikin kansa. Inna ta leƙo ta kafaɗata ta ce, "Kai, mi ka yi ma kan yaron ga?" Na ce, "Inna, gyara shi nikai."

Maganin rigar mai sauƙi ne, a matsar da mutum kamar mita 2 daga ƙyallen a sake ɗauka. Daga baya na fahimci har manya suna fama da wannan. A shirin The Mandalorian na 2019, jarumin sulke ne mai ƙyalli a jikinsa, kuma kamfanin Industrial Light & Magic maimakon koren ƙyalle ya kewaye dandalin da bangon allunan LED masu nuna wurin kai tsaye ta manhajar Unreal Engine, don haka abin da sulken ke haskowa shi ne wurin da labarin yake. Hular ce ta ba ni aiki. Wannan ɗaukar ce ƙanena ya fi yin kyau a ciki, na ƙi yarda in zubar da ita. Daƙiƙa 10 ce kacal, amma a hoto 25 kowace daƙiƙa, hoto 250 ke nan. Na zagaye hular da layi, in matsa gaba kaɗan in gyara layin, ya juya kai in sake. Dare uku na yi a kai, kwamfutata mai RAM 8 tana huci, na ɗora ta a kan murfin tukunya biyu don iska ta ratsa ƙasanta. A dare na biyu ne na tuna da sunayen nan da nake tashi in bari. A cikinsu akwai ɗaruruwan mutane da wannan zagayen shi ne sana'arsu, safe da yamma, kan gashin kai da bakin mayafi.

Goge wayoyin lantarki ya fi daɗi. Sararin sama kake kwafowa daga gefe ka shafe wayar da shi, sannan ka sa Tracker ya riƙe wata alama a katanga domin gyaran ya riƙa bin motsin kyamara. Inda muka kafa kyamarar a kan ƙafarta, aikin minti 20 ne. Inda abokina ya riƙe a hannu yana tafiya, yini guda ya ci.

Shawarata ga mai son farawa: manhajar ta wuce abin da mutum zai zata a samu kyauta, amma tana son kwamfuta mai ƙarfi, RAM 16 zuwa sama, da haƙuri. Wanda bidiyon biki ko na TikTok kawai yake yi, wayarsa ta ishe shi. Ƙyallen kuwa da na sani da yadi mara ƙyalli na yanko a babbar kasuwa na kai wa tela ya haɗa, da kuɗin ya ragu.

Ranar Juma'ar da ta wuce na kunna wa Kawu minti biyun da muka kammala. A unguwar ya tashi, ya san lungun tun yana yaro. Ya kalla shiru har ƙarshe, ya sa na maimaita, sannan ya ce, "Ɗana, ina kuka samu wanga wuri da ba a kai ma wuta ba?" Na buɗe masa hoton asali, ga falwaya ga tanki ga sola. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya ce in sake nuna masa na farkon.