Hodar fidda saiwa: ga gwaiba ta yi, amma mai shagon ya cuce ni

Wagga farar hoda da masu maganin gona ke saidawa cikin ƴar roba, wadda anka rubuta IBA a jikinta, da fari ban ɗauke ta bakin komi ba, don mu nan Sakkwato zogale ko sandarshi ka soka ƙasa kamawa yake yi. Amma gwaiba kowa ya san taurin kanta, ka yanko reshe ka dasa ya bushe ya bar ka da leda. Na jiƙa gindin rassan, na dangwala cikin hodar na kakkaɓe, na soka cikin rairayi ƙarƙashin rumfa. Da na zare guda in duba wallahi sai ga saiwoyi farare tas sun zagaye wurin yankan. Ba duka sunka kama ba, amma abin ya burge ni, har maƙwabta na riƙa yi ma talla kyauta.

To ga inda raina ya ɓaci. Na koma in ƙaro, mai shagon yac ce "Alhaji ai ko feshi ana yi da ita, dama ta da ruwa ka fesa ma tumatur ka ga girma." Mutum ne da sana'arshi ke nan, sai na yarda. Irin tumatur ɗin da na yafa cikin garka wajen Kwalkwalawa, lafiyarshi lau, ya kusa isa dashe, washegari na iske ganyen duk ya nannaɗe ya duƙa ƙasa, karan ya murɗe kamar igiya. Innalillahi! Ga kuɗin iri ga man inji na ban ruwa, ga lokaci ya tahi.

Ɗan ƙanena da ke karatun kimiyya a Danfodiyo yana gani yac ce "Baba wa ya sa ka wanga aiki?" Shi ya hwahimtar da ni cewa hodar dangin wani sinadari ce, oksin, wanda tsiro ke yi da kanshi a kan toho. In haske ya zo ta gefe guda sinadarin sai ya taru gefen inuwa, gefen ya fi tsawo, tsiron ya karkata wajen rana, shi ya sa gwaibobina duk sunka leƙa bakin rumfa. Shi ne kuma ke sa saiwa ta nufi ƙasa ko ya iri ya kwanta. Wai tun 1880 Darwin da ɗanshi Francis sunka gano daga kan tohon saƙon ke tasowa. Amma ɗan kaɗan ake so, in ya yi yawa guba ne, 2,4-D ɗin da muke kashe ciyawa da shi cikin shinkafa ma danginsu ɗaya, kuma tumatur bai jure mai ko kaɗan.

Da na koma shagon ko haƙuri bai ba ni ba, wai ƙila rana ce ta buge shi. Rana cikin hunturu? Sannan robar ko ranar ƙarewar aiki babu, bayanin jikinta ƙanana ƙanana ba mai iya karantawa, ta biyun ma da na buɗe ta dunƙule. Ga dashen reshe zan ci gaba da aiki da ita, amma ba daga wurinshi ba.