Ƙamus ɗin da ya raba ni da ruɗani a kan kalmomin ruɗani

Ina karanta wani rahoto na Turanci sai na ci karo da jimlar da ke cewa sabon ma'aikacin "was all at sea". Na zuba ta cikin wata manhajar fassara a wayata, ta ce mini wai mutumin yana cikin teku. Ni kuwa na san labarin ofis ake yi, babu jirgin ruwa ko ɗaya a ciki. Abin da ya kai ni shafin intanet na Oxford Advanced Learner's Dictionary ke nan, kuma tun ranar nake komawa.

Ashe ma'anar ita ce kansa ya ɗaure, ya rasa ta inda zai fara, kamar matuƙin da ya daina hango gaɓa. Abin da ya fi burge ni shi ne ƙamus ɗin ba ya jefo maka ma'ana ya wuce. Yakan kawo jimlolin misali, kuma a cikinsu ne na gane cewa ruɗani iri-iri ne a Turanci, kamar yadda yake a Hausa. "Puzzled" shi ne wanda abu ya ɗaure wa kai amma yana ta juya shi a zuci. "Baffled" ya gwada ya gaza, kai ya kulle. "Bewildered" kuwa abubuwa ne suka yi masa yawa lokaci guda har ya rasa gabas da yamma. Da can duk "ya rikice" nake fassara su. Na kuma daɗe ina zaton "bemused" ɗan'uwan "amused" ne, wato nishaɗi, alhali shi ma ɗaurewar kai ne. Da na ga "can't make head nor tail of it" sai na ji daɗi ƙwarai, domin mu ma muna cewa magana ba kai ba gindi.

Wannan salon yana da asali. A. S. Hornby, wanda ya tsara ƙamus ɗin, malamin Turanci ne da ya koyar a Japan, ya ga inda baƙin harshe ke tuntuɓe. Maɗaba'ar Jami'ar Oxford ta buga shi a 1948, bugu na 10 ya fito a 2020. Ana rubuta bayanansa da kalmomi masu sauƙi, kuma a shafin za ka danna ka ji furucin Ingila da na Amurka, kyauta.

Sai dai Turanci yake fassarawa da Turanci. Wanda bai yi nisa ba zai buƙaci ƙamus na Hausa a gefe. A littafin takarda kuma, salon magana yana ƙarƙashin babbar kalmarsa, don haka "at sixes and sevens", wato abubuwa sun cakuɗe, sai ka nufi "six" za ka same shi. Ni yanzu idan na duba kalma, misalan nake fara karantawa kafin ma'anar.