Takardar AUDIT: tana auna sha, ba ta tambayar wa ke sha

Wata shida na yi ina yawo da takardar tambayoyin AUDIT, mai auna haɗarin shan giyar mutum, a jaka, lokacin da nake tattara bayanai kan shan giya tsakanin manya don digirina na biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta fitar da ita a 1989, kuma kyauta ce. Tambaya 10, maki daga 0 zuwa 40, wanda ya kai 8 a sa masa ido. Kafin mai amsawa ya fara duba agogo an gama. Nan kam ta cancanci yabo.

Sai dai babu inda ta tambayi shekaru, ko jinsi, ko ilimi, ko abin da mutum ke samu. Kai za ka ƙara. Da malamata ta ga lissafina na farko sai ta ture shi gefe, ta ce, "Malam, ai kowa ka zuba a kwando ɗaya." Da gaskiyarta. Ruwan jikin mace bai kai na namiji ba, don haka kofi ɗaya ya fi hawa jininta. Littafin jagorar da aka sabunta a 2001 ya kawo shawarar a sauke makin zuwa 7 ga dukkan mata, da kuma mazan da suka haura shekara 65, amma wanda takardar kaɗai ya buga ba zai gani ba.

Wani dattijo ne ya fi buɗe min ido. Na ce, "Baba, sau nawa kake sha?" Ya ce, "Ko ɗigo, ɗana." Na rubuta sifili. Ina naɗe takarda ya ce likita ne ya hana shi shekara biyar da suka wuce, saboda hanta. Ka jera irinsa cikin waɗanda ba su taɓa sha ba, sai marasa sha su fito kamar sun fi masu ɗan taɓawa ciwo. Tun ranar na ƙara tambaya: ka taɓa sha ka daina?

Ma'aunin "kofi ɗaya" ma rigima ne: giram 10 na tsantsar barasa a wajen Hukumar, 14 a Amurka, 8 a Birtaniya. Ni hotunan kwalabe da kofuna na riƙa nunawa, mutum ya ɗora yatsa a kan nasa.

Zan sake amfani da ita, amma da shafin shekaru da jinsi a manne a gabanta.