Yaya, ga labarin allurar rage ƙiba a Ingila

Assalamu alaikum Yaya. Ya gida, ya jikin Inna? Kin tambaye ni allurar rage ƙiba da kuke jin ana rabawa kyauta a nan. Akwai ta, amma ba kamar yadda ake zuzutawa ba.

A nan ƙiba ciwo ce da ake rubutawa a katin asibiti, ba alamar hutu ba kamar a gida, inda har maganin sha-ka-fashe ake saye. Likitan unguwa ne ƙofar komai. Zai auna tsayinki da nauyinki ya fitar da lissafin da suke kira BMI. Bature sai ya kai 30 ake cewa yana da ƙiba, mu baƙar fata kuwa 27.5, domin ciwon suga ya fi saurin kama mu. In da hawan jini ko suga, sai a sa ki a wani shiri na mako 12 ta waya. Kyauta ne, sai dai mai ba da shawarar abinci ba ta san tuwo ba, balle fura. Sai da na ɗauki hoton malmala na tura mata, ta ce in raba biyu, in cika kwanon da ganye.

Allurar rage ƙibar kuwa, wato Mounjaro, a watan Yunin 2025 likitocin unguwa suka fara ba da ita a ƙarƙashin hukumar lafiya ta NHS. Sharaɗin da aka fara da shi: BMI 40, ko 37.5 gare mu, da cututtuka huɗu daga cikin biyar da suka lissafa. Mutum 220,000 kacal aka ware wa a shekara uku na farko.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne doka ɗaya ce, amma aikin ya bambanta. Kowane yanki da hukumarsa da kasafinta. Wata gunduma da asibitin ƙwararru, har da likitan halayyar ɗan Adam, maƙwabciyarta kuma jira ya wuce shekara, ko a ce layi ya rufe. Adireshinki ne rabonki.

Mai kuɗi ba ruwansa da layi, kemis zai saya. A Satumban 2025 kamfanin da ke yin ta ya ɗaga farashin babbar allurar ta wata guda daga fam 122 zuwa 330. Kuma da yawa in sun daina, ƙibar dawowa take.

Don Allah kada ki sayi wadda ake tallatawa a WhatsApp, ko a nan ana kama jabu. A gaida yara.