Ragar ƙarfe ko buɗe ƙirji: wanne ya fi dacewa da mace?

Idan jijiyoyin zuciyar mace suka toshe, likita a Kaduna kan bayyana wa iyalinta hanyoyi biyu. Ana iya zura siririn bututu ta jijiyar wuyan hannu ko ta cinya a saka 'yar ragar ƙarfe ta buɗe jijiyar. Jinyar gajeriya ce, amma mata sun fi maza zubar jini bayanta, musamman idan ta cinya aka bi. Buɗe ƙirji kuwa, wato tiyatar da ake yi wa jini sabuwar hanya ya kewaye wurin da ya toshe, ya fi haɗari ga mata fiye da maza, domin jijiyoyinsu ƙanana ne, kuma sau da yawa ba a gane ciwon sai shekaru sun ja. Duk da haka, ga mai ciwon suga wadda jijiyoyi da yawa suka toshe mata, na fi karkata ga tiyatar, domin amfaninta ya fi daɗewa.