Tsari biyu a tsibirin Jawa: Kidung da Kalacakra

A Jawa, ƙasar Indonesiya, akwai tsari iri biyu, wato kalmomin neman kariya, da suka bambanta tun daga harshe.

Kidung Rumeksa ing Wengi, wato waƙar da ke gadin dare, ana jingina ta ga Sunan Kalijaga, ɗaya daga cikin waliyyai tara da suka yaɗa Musulunci a tsibirin. Da Jawanci take, ana rera ta a hankali da dare. Mai ji yana gane abin da ake roƙo: cuta ta kauce, aljani da sammu su ja baya, wuta ta zama ruwa, ɓarawo ya yi nisa. Tana ambaton annabawa, tana danganta furucin mai rerawa da Musa, muryarsa da Dawuda. Ita ta fi kwanta mini a rai, domin mutum ya san me bakinsa ke faɗa.

Kalacakra kuwa, tsari na biyu, ƙarfinsa a juya gaɓoɓin kalma yake: "yamaraja" ya koma "jaramaya", alamar sharri ya koma inda ya fito. Mai wasan wayang, wato wasan 'yar tsana na inuwa, ne ke karanta shi a bikin tsarkakewa da ake kira ruwatan, don kare yara irin su ɗa tilo daga Batara Kala, dodo mai cin mutane a tatsuniyoyin Jawa.