Goge rikodin a jikin 'yar MP3 ko ta kwamfuta: wanne ya fi?

Ɗan'uwa, ka ce 'yar MP3 ɗin da kake ɗaukar karatun malam da ita bayan Magariba a Unguwar Rogo ta Jos ta cika, ta daina karɓar sabon rikodin, kana tambaya ko ka goge tsofaffin a jikinta kai tsaye ko ka bari sai ka jona ta da kwamfuta. Hanyoyin biyu duk suna aiki, amma ba aiki ɗaya suke yi ba, kuma ni dai ba zan so karatun da ka yi watanni kana tarawa ya salwanta saboda gaggawa ba.

Gogewa a jikin na'urar saurinta ne abin so. Ba ka buƙatar kebul, ba ka jiran a kawo wuta. Ka shiga inda rikodin suke, ka tsaya kan wanda ba ka so, ka danna menu, ka zaɓi Delete. Idan malam ya riga ya zauna, ɗalibai sun buɗe littafi, na'ura kuma ta ce babu wuri, wannan ce kaɗai mafitarka. Ta kuma dace da tarkacen da ka san tarkace ne, kamar gwajin da ka yi don ka ji ko makirfon na ɗauka, ko wanda ya kunna kansa a aljihu.

Matsalarta ita ce a makance kake aikin. Waɗannan ƙananan na'urori ba sa ba rikodi suna mai ma'ana, sai REC001, REC002, haka har ƙasa. Allon bai fi kan babban yatsa ba. Kwanan watan da ke jikin fayil ma ba abin dogaro ba ne, domin da yawansu agogonsu yana komawa baya duk lokacin da batir ya mutu gaba ɗaya, kuma ka san yadda sanyin Jos yake shanye caji a Disamba da Janairu. Ga shi a yawancinsu Delete All yana manne da Delete a layi na gaba, dannawa ɗaya ce tsakani. Kuma galibinsu ba su da kwandon shara da za ka koma ka ɗauko abin da ka jefa. Rikodar da aka yi musamman don ɗaukar murya, irin ta Sony, tana da Protect da kake kulle fayil da shi kada a goge, amma masu arahar da ake samu a kasuwar Terminus ba kasafai suke da shi ba.

A kwamfuta kuwa ido buɗe kake aiki. Na'urar za ta fito kamar filash, ka sami folda mai suna RECORD ko VOICE, ka ga girman kowane fayil. Girman nan shi ne jagoranka: karatun awa guda ba zai zo da nauyin gwajin daƙiƙa goma ba. Ka jera su bisa girma, nan take za ka bambance hatsi da ƙaiƙayi. Abu mafi muhimmanci, kana iya kwafa kafin ka goge, ka kuma sauya suna, ka rubuta littafin da babin da ranar, yadda bayan shekara ba za ka zauna kana buɗe su ɗaya bayan ɗaya ba.

Sai dai kada ka ɗauka kwamfuta za ta cece ka idan hannu ya kuskure. A Windows, abin da ka goge daga filash ko na'ura irin wannan ba ya zuwa Recycle Bin, wato kwandon sharar kwamfuta, tafiya yake yi kai tsaye. A Mac kuma akasin haka ne: fayil ɗin yana komawa wata ɓoyayyiyar folda a cikin na'urar, wurin ba zai samu ba sai ka zubar da Trash tun tana jone. Shi ya sa wani zai ce ya goge komai amma har yanzu tana cewa ta cika.

Akwai wani tarko da na fi jin tsoro a kansa, domin ba ya yin ƙara. Wasu na'urorin, da zarar ka share su, sai su koma ƙirga daga REC001. Wata mai zuwa ka zo kwafa cikin foldar da ka zuba na baya, kwamfuta ta tambaye ka ko ta maye gurbin mai suna iri ɗaya, ka amsa ba ka karanta ba, sabon ya danne tsohon. Maganinsa sabuwar folda duk lokacin da za ka kwafa, da kwanan wata a sunanta. Sannan ka buɗe biyu ko uku daga cikin waɗanda ka kwafa, ka ja zuwa ƙarshensu ka saurara, kafin ka taɓa na asali.

Idan ba ka da kwamfuta sai ta shago, ka yi hattara da bayiros ɗin nan da ke ɓoye folda ya bar maka gajerar hanya (shortcut) a madadinta. Idan ka ga haka, fayilolinka suna nan a ɓoye, kada ka yarda wani ya ce a yi fomatin. Ya fi maka ka sayi ɗan kan OTG, wato mahaɗin da ke ba waya damar karɓar filash, ka jona na'urar da wayarka ta Android, ka kwafa ta manhajar fayil. Yawancin wayoyin yanzu suna karɓa. In kuma wata rana fomatin ya zama dole, ka yi shi daga menu na na'urar, ko ka zaɓi tsarin fomatin na FAT32 a kwamfuta, domin da yawa daga cikin na'urorin nan ba sa karanta tsarin NTFS.

Saurin cikar ma yana da dalili. Rikodi a tsarin sauti na WAV mai ingancin faifan CD yana cin kusan megabait 10 a minti guda, wato kusan 600 a awa. Tsarin MP3 a kan ingancin 128kbps bai kai megabait 1 a minti ba, kusan 58 a awa, kuma ya wadatar da muryar mutum ɗaya yana karantarwa. Tafsirin azumi na awa biyu kullum har kwana 30 zai haura gigabait 35 a WAV ɗin nan, amma bai kai 4 ba a MP3. Ka duba saitin ingancin rikodi a taka, in tana ba da zaɓi, ka sauko da shi.

Idan ka riga ka goge wani da kake so, ka dakatar da ɗaukar komai da ita yanzu. Gogewa tana cire sunan fayil ne daga jeri, sautin yana nan har sai sabon rikodi ya hau wurinsa. Manhajar Recuva kyauta ce a Windows, kuma sau da yawa tana dawo da shi matuƙar na'urar tana fitowa kamar filash. Abin da ta ceto ka ajiye shi a kwamfutar, ba a cikin na'urar ba.

Don haka a halin da kake ciki, yau ka goge gajeru biyu ko uku da ka saurara ka tabbatar ba karatu ba ne, ka samu wurin darasin daren nan. Sauran ka bar su sai ka zauna da kebul, ka kwafe, ka saurara, ka tura kwafi na biyu zuwa katin memori ko Google Drive, sannan ka share. In ka gama, ka fitar da ita ta zaɓin Eject a kwamfutar kafin ka zare kebul ɗin.